Gansakukar Katanga: Yadda Za Ka Nemo Dangin Pottiaceae, Ka Gane Su, Ka Kuma Rene Su

Idan marka ta kama a watan Agusta, gindin katangu da bakin rijiyoyi da gefen kwalbatoci sukan yi kore shar. Yawancinmu kallo ɗaya muke yi wa koren nan mu ce datti ne, a kawo shebur a kankare. Alhali wani ɓangare nasa tsiro ne cikakke, mai kara da ganye, mai namiji da mace, wanda zai bushe ƙamas a Nuwamba, ya sha iskar hunturu da zafin bazara a jikin siminti, sannan ya miƙe da saukar ruwan farko ya ci gaba da girma daga inda ya tsaya. Gero ko dawa ba za su iya wannan ba. Ganyensu in ya bushe haka, ya tafi ke nan.

Dangin gansakukar da suka fi ƙwarewa a irin wannan rayuwa su ne Pottiaceae. Nau'in gansakuka a duniya ya kai wajen 12,000, sama da 1,400 daga ciki kuma 'yan wannan dangi ne, babu dangin da ya kai su yawa. Ana samun su a hamadar Mojave ta Amurka, da hamadar Gurbantunggut ta arewa maso yammacin Sin, da Antaktika, da katangun tsofaffin biranen Turai, da kuma bulon gidajenmu. Na tsara wannan jagora ne musamman don malaman kimiyya na sakandare da ɗalibansu, saboda ina ganin babu wani tsiro da zai koyar da darasin rayuwar tsirrai da arha irin wannan. Amma duk mai sha'awa zai iya bi.

Kayan da za ka tanada

Madubin ƙara girma mai ninki 10, irin na masu gyaran agogo da masu sayar da zinariya, shi ne babban makami. In babu, ƙaramin gilashin da ake maƙala wa kyamarar waya don ɗaukar abu na kusa ya wadatar. Sai reza ko 'yar wuƙa, tsinken sakace, sirinji marar allura, farin faranti, ruwan sama a kwalba, fensir, da takarda da za a naɗe ta zama ambulan. Maikuroskof, wato na'urar duba abubuwan da suka yi wa ido ƙanƙanta, na ɗakin gwajin makaranta zai buɗe maka rabin labarin da ido ba ya gani, amma matakai da dama ba sa bukatarsa.

Mataki na 1: Bi sawun ruwa

Littattafan Turai sukan ce a nemi gansakuka a jikin bangon da ke kallon arewa. Wannan ƙa'ida ba ta zauna daidai a wajenmu ba. A Kano da garuruwan da ke kan layi ɗaya da ita gabas da yamma, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa take ratsawa da tsakar rana, sai bayan nan ta koma kudu. Ga shi kuma hadarinmu daga gabas yake tasowa, shi ya sa magina suka san bangon gabas ne ke shan duka. Saboda haka ka manta da alƙibla, ka tambayi kanka: ina ruwa yake bi, ina kuma yake daɗewa bai bushe ba?

Duba ƙarƙashin indararo, inda ruwan soro ke fantsama a gindin bango. Duba bayan tankin ruwa, da gefen famfon da ke ɗiga, da bakin rijiyar siminti ta ciki, da bangon lambatu sama kaɗan da inda ruwa ke tsayawa, da tsagar da ke tsakanin bulo da bulo, da tsofaffin gine-ginen da ba a yi wa fenti ba. Dalilin da ya sa siminti ke jawo su shi ne yawancin 'yan wannan dangi masu son farar ƙasa ne. A daji kan duwatsu masu farar ƙasa suke zama, siminti kuwa daga irin wannan dutsen ake yin sa. Ɗaya daga cikinsu, Hyophila involuta, ya bi gine-ginen siminti ya zagaye ƙasashe masu zafi, kuma yana cikin waɗanda masana suka rubuta a Najeriya. Barbula indica ma haka.

Kar ka tsaya a gari kawai. Gaɓar rafi mai inuwa, tsagar dutse, gindin shurin gara, da ƙasar da aka daɗe ba a nome ta ba duk wurare ne. Wanda ke kusa da tsaunukan Jos ko Mambila ya fi kowa sa'a, domin sanyi da hazo sun sa gansakuka ta fi yawa a can. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Agusta zuwa farkon Oktoba. Amma ka sa alama a wurin, ka koma a Janairu. Za ka tarar da wani baƙi-baƙi ko ruwan ƙasa a daidai inda koren yake, kuma shi ne kayan gwajinmu mafi daraja.

Mataki na 2: Tabbatar gansakuka mai ganye ce

Kawo madubin daf da idonka, sannan ka matso da abin har ya fito sarai. Idan ka ga santsi ko kore mai laushi wanda ba shi da siffa, ko zare-zare masu yauƙi, wannan koren ruwa ne, ba shi muke nema ba. Baƙaƙen layukan da ke gangarowa a jikin bango yawanci ƙwayoyin sayanobakteriya ne, wato wasu bakteriya masu sarrafa hasken rana kamar tsirrai. Busasshen ɓawo mai launin toka ko ruwan ɗorawa da ya manne wa dutse ko jikin itace, shi ne laikin, wato haɗin gwiwar naman gwari da koren ruwa. Akwai kuma wani kore shimfiɗaɗɗe da ke rabuwa biyu-biyu a kan danyar ƙasa bayan ruwa, ba shi da kara ko ganye, shi ne Riccia, ɗan uwan gansakuka ne na nesa.

Abin da kake nema shi ne ɗan kara a tsaye, tsayinsa daga 'yan milimita zuwa santimita ɗaya ko biyu, ganyaye sun kewaye shi, kuma ɗaruruwansu sun cunkushe wuri guda. Ciro guda ɗaya da tsinke. A gindinsa za ka ga zaruruwa masu launin ƙasa. Ba saiwa ba ce, aikinsu na farko riƙe bango ne. Gansakuka ba ta da jijiyoyin itace da ke ɗaukar ruwa daga ƙasa zuwa sama, da duk jikinta take sha, shi ya sa ba ta tsawo.

Ko a cikin masu ganyen, ba duka ne Pottiaceae ba. In ganyayen sun jeru layi biyu, hagu da dama, a baje, Fissidens ne. In tsiron yana ƙyalli fari-fari, ko kwanson irinsa (za mu zo kansa a Mataki na 5) ya sunkuyar da kai ƙasa, mai yiwuwa Bryum ne. In a kan toka ko wurin da aka ƙona ka same shi da kwanso karkatacce, ka yi zaton Funaria. Wanda ke rarrafe yana rassa a jikin itace ma na wani dangi ne.

Mataki na 3: Gwajin ɗigon ruwa

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma ina roƙon malamai kar su yi gaggawa a kansa. Yanko gansakukar da ba ta wuce faɗin farcen babban yatsa ba, ka raba biyu a kan farin faranti. In danya ce, bar ta a inuwa kwana biyu ko uku ta bushe a hankali. Duba busasshiyar da madubi tukuna: ganyayen sun murɗe, sun nannaɗe jikin kara, launin ya dushe. A Hyophila gefen ganyen biyu ne ke naɗewa ciki har ganyen ya zama siririn bututu. Yanzu ɗiga ruwa ɗigo biyu ko uku a kan rabi guda, ka bar ɗayan, kuma kar ka ɗauke ido. Cikin daƙiƙu ganyayen za su fara motsi, su warware, su buɗe, kan kowane kara ya zama tauraro kore. Kafin minti ɗaya ko biyu ka ga rabi a raye, rabi kuma yana nan yadda yake. Sa ɗalibai su riƙe agogon waya su rubuta lokacin, su ɗauki bidiyo.

Wannan murɗewa a bushe da buɗewa a jiƙe ita ce alama ta farko ta dangin, duk da cewa wasu dangogin ma suna yin hakan. Tana da amfani biyu: tana ɓoye koren fuskar ganye daga rana, tana kuma rage saurin bushewa. Rage saurin nan yana da muhimmanci ƙwarai, ga dalili.

Bishiya idan fari ya zo, ƙoƙarinta ta riƙe ruwan jikinta: ta rufe kafofin ganye, ta zurfafa saiwa, ko ta zubar da ganyen baki ɗaya. Gansakuka ba ta da wannan hanya, don haka ba ta jayayya da fari. Takan bar ruwan ya fita har jikinta ya yi daidai da bushewar iska. Abin da take karewa shi ne tsarin da ke cikin ƙwayoyin halittarta. Tana ajiye sukari mai yawa a cikinsu, irin sukarin rake, tare da wasu furotin na musamman. Yayin da ruwa ke fita, sukarin yakan daskare ya riƙe fatar ƙwayar da injinan sarrafa haske a mazauninsu, kar su tarwatse. Numfashi ya tsaya, girma ya tsaya. Da ruwa ya dawo, fatar takan yi ɗan yoyo na ɗan lokaci, sai tsiron ya shiga gyara, kuma cikin mintuna ya koma sarrafa hasken rana. In bushewar ta zo a hankali, yana samun sararin shirya kayan gyaran tun kafin ya kwanta. In ta zo farat ɗaya, ɓarnar ta fi yawa, farfaɗowar ma ta fi jinkiri.

Za ka iya gwada wannan da kanka. Jiƙa ɓangare biyu na awa 24. Ɗaya ka ajiye a kwano mai murfi da ka ɗan buɗe, ɗaya ka sa a gaban fanka. Bayan sun bushe, sake jiƙa su ka kwatanta launinsu da ƙarfinsu a kwanakin da suka biyo baya.

Iyakar juriyar wasunsu tana da ban mamaki. An taɓa ɗauko Syntrichia ruralis da ta yi shekara 20 a bushe cikin ambulan a ma'ajiyar tsirrai, aka jiƙa ta, ta yi sabon toho. A 2024 masu bincike a yankin Shinjiyang na Sin suka wallafa gwajin da suka yi wa Syntrichia caninervis: ta rasa sama da kashi 98 cikin 100 na ruwan jikinta ta farfaɗo, ta yi shekara 5 a sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri a ma'aunin Selsiyus ta farfaɗo, ta yi wata guda a digiri 196 ƙasa da sifiri ta sake toho. Kafofin labarai sun fi mayar da hankali kan cewa an gwada ta a yanayi irin na duniyar Mars. Ni abin da ya fi ja hankalina shi ne 'yan uwanta na jini suna manne a bayan makewayin makarantunmu, babu mai kallonsu.

Mataki na 4: Ganye ɗaya a ƙarƙashin maikuroskof

Jiƙa kara ɗaya, ka ɗora shi a gilashin gwaji cikin ɗigon ruwa. Danne kansa da tsinke, ka yi amfani da bakin reza ka kankaro ganyayen daga sama zuwa ƙasa. Cire karan, ka rufe da siririn gilashi. Ba sai ka yanka komai ba, domin in ban da jijiyar tsakiya, kaurin ganyen yawanci ƙwayar halitta ɗaya ce tak, haske yana ratsa shi. Duk malamin da ya sha wahalar fere albasa don nuna wa yara ƙwayoyin halitta zai ji daɗin wannan.

Fara da ƙaramin ninki. Nemi jijiya guda ɗaya mai ƙarfi da ta taso daga gindi har kusa da tsini, ko ta zarce shi. A Syntrichia da wasu nau'in Tortula takan zarce ta zama dogon farin gashi. Gashin nan ba ado ba ne. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa a Syntrichia caninervis yana da ƙananan kwaruruka da ƙayoyi da ke kama raɓa da hazo, su tara su su zama ɗigo, ɗigon ya gangara zuwa ganye. Tsiron yana shan ruwa daga iska ke nan ko ba a yi ruwan sama ba.

Sai ka koma ninki 400, ka kwatanta sama da ƙasan ganyen. A wannan dangi ƙwayoyin sama ƙanana ne, kusan murabba'i ko kewayayyu, cike da kore, kuma sau da yawa hoton yakan yi dishi-dishi saboda ƙananan ƙuraje da ke kan kowace ƙwaya. Juya maɓallin saiti a hankali za ka ga ƙurajen, wasu a lanƙwashe. Ratar da ke tsakaninsu ce ke jan ruwa ya mamaye ganye cikin ƙiftawar ido, abin da ka gani a gwajin ɗigo. Ƙwayoyin gindin ganye kuwa manya ne, dogaye, masu santsi, garau babu kore. Idan ka haɗa waɗannan uku, wato ganye mai murɗewa, jijiya guda mai ƙarfi, da bambancin ƙwayoyin sama da na ƙasa, kusan ka kama dangin. Hyophila ta ɗan fita daban: ƙwayoyinta kumburi suke yi ta fuska guda maimakon ƙuraje, gefen ganyenta na sama kuma yakan yi ƙananan haƙora. In ka ga ƙwayoyi dogaye masu kusurwa shida da santsi daga sama har ƙasa, to ka koma wajen Bryum ko Funaria.

Gano takamaiman nau'i aiki ne na ƙwararru, har su ma dangin nan yana ba su wuya. Kaiwa ga dangi ko jinsi ya isa a wannan mataki.

Mataki na 5: Nemi kwanson iri

Wajen ƙarshen damina, duba ko akwai siraran sili ja-ja ko rawaya da suka taso daga tsakiyar kan kara, kowanne ɗauke da kwanso a tsaye. Wannan sili da kwanson ba reshen tsiron ba ne. Ɗansa ne, wani zubi na daban, wanda ke zaune a kan uwarsa yana ci daga jikinta.

Ga yadda abin yake. Koren tsiron da kake gani yana da kwafi ɗaya ne na kayan gado a kowace ƙwaya. A kansa ake samun gaɓar namiji ko ta mace, a wasu nau'in duka biyu a tsiro ɗaya, a wasu kuma kowa da nasa. Ƙwayar namiji tana da jela biyu, kuma dole ta yi iyo cikin ruwan da ya kwanta a kan tsirran kafin ta isa ga ƙwan mace. Tafiyar ba ta wuce 'yan santimita. Wato tsiron da ke iya shekaru babu ruwa ba ya iya haihuwa sai da ruwa. In an dace, ƙwan ya girma ya zama silin nan mai kwafi biyu, a cikin kwansonsa kuma a ƙera ƙurar iri mai kwafi ɗaya. Ƙurar in ta faɗa wuri mai laima sai ta fitar da koren zare mai rassa, daga zaren kuma sababbin karare su toho.

Ɗauko kwanson da ya nuna, ya zama ruwan ƙasa. Cire 'yar hular da ke kansa, sannan ka ɓalle murfin da tsinke. A Tortula da Syntrichia da Barbula da yawa za ka ga siraran haƙora 32 sun murɗe tare kamar tufkar igiya. Hura musu numfashi a hankali kana kallo da madubi, za ka ga suna motsi. Laima tana sa su matse, bushewa tana sa su saki, ta haka ƙurar ke fita kaɗan-kaɗan a lokacin da iska za ta iya ɗaukarta. Kwanson Hyophila ba shi da haƙoran nan ko kaɗan, bakinsa a sake yake, wannan ma alama ce.

Kar ka damu in ka duba bango guda ba ka sami kwanso ba. A wuraren fari sau da yawa maza da mata ba sa haɗuwa. A hamadar Mojave an ga matan Syntrichia caninervis sun fi mazan yawa nesa ba kusa ba. Shi ya sa dangin suka dogara da wata hanya: ƙananan ƙulalai da ke fitowa a hammatar ganye ko a jikin zaruruwan gindi, kowace in ta faɗi sai ta zama sabon tsiro. Hyophila involuta da Barbula indica duk suna yin su. Ko gutsuren ganye ma yana iya toho.

Mataki na 6: Dubi masu zama a ciki

Jiƙa busasshiyar gansakuka a murfin kwalba da ruwan sama, ta kwana. Da safe matse ruwan a ƙaramin faranti, ka bari ya kwanta, ka zuƙo na ƙasa da sirinji ka duba a ƙaramin ninki. Za ka iya ganin siraran tsutsotsi suna wutsil-wutsil, da rotifa, wasu ƙananan dabbobin ruwa masu gashin baki da ke kaɗawa kamar yana juyawa, in ka yi sa'a kuma da tadigired, wata 'yar dabba mai ƙafa takwas da ba ta kai milimita ɗaya ba. Su ma tare da gansakukar suke bushewa, tare suke farkawa. Ƙananan ƙwari suna cin su, gizo-gizo yana cin ƙwarin. Darasin sarƙar abinci ke nan a murfin kwalba.

Mataki na 7: Adana samfur

Kar ka taɓa ɗebe fiye da kashi ɗaya cikin goma na abin da ka tarar, kuma kar ka sa a leda, zai yi fumfuna. Ambulan takarda za ka sa, ka bar shi a buɗe a inuwa har ya bushe, ba a danne shi. Rubuta da fensir: gari da unguwa, kwanan wata, abin da yake kai (siminti, dutse, ƙasa ko itace), inuwa ko rana, da sunanka. Samfurin da ba shi da wannan bayani ba shi da amfani ga kowa. Hoton busasshe da na jiƙaƙƙe za ka iya ɗora su a iNaturalist, shafin intanet da ake sa hotunan tsirrai da dabbobi, don masana su duba. In samfurin mai kyau ne, ma'ajiyar tsirrai ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko ta hukumar binciken gandun daji a Ibadan su ne irin wuraren da ake kai shi.

Mataki na 8: Reno

Samo roba mai haske da murfi. Zuba yashi mai laushi kaurin yatsa biyu, ka gauraya da ɗan garin tsohon bulo, ka kwarara tafasasshen ruwa a kai don kashe fumfuna da irin ciyawa, ka bari ya huce ka tsiyaye. Murtsuke busasshiyar gansakuka tsakanin yatsu, ka barbaɗa a sama, ka danna kaɗan, kar ka binne. Fesa ruwan sama, rufe, ka ajiye inda akwai haske sosai amma rana ba ta bugawa kai tsaye. Cikin 'yan makonni za ka ga koren zare ya shimfiɗu, daga baya ƙananan karare su fito. Buɗe murfin lokaci-lokaci iska ta shiga. Kar ka sa taki. Shawarar da ke yawo a intanet ta a markaɗa gansakuka da kindirmo a shafa a bango kuwa, fumfuna da ƙudaje za ta tara maka.

Kuskuren da ya fi kashe ta shi ne yayyafi kaɗan-kaɗan a cikin zafi. A wani gwaji a jihar Utah ta Amurka da aka wallafa a 2012, an riƙa ba ƙasa ruwa milimita 1.2 a kai a kai a lokacin zafi, sai gansakukar da ta rufe kusan kashi 25 cikin 100 na wurin ta ragu zuwa ƙasa da kashi 2 a zango guda. Kowane yayyafi yana tashinta, ta kashe abincin ajiyarta wajen gyara, kafin ta fara samar da sabo ta sake bushewa. Don haka ko dai ka jiƙa ta sosai ta yini a jiƙe, ko ka bar ta ta yi barcinta.

Mataki na 9: Fita fili

A busassun ƙasashe, tsakanin ciyawa da ciyawa, saman ƙasa kan yi wani ɓawo mai rai da ya ƙunshi sayanobakteriya da laikin da gansakuka, kuma gansakukar da ke ciki yawanci Pottiaceae ce. An ƙiyasta irin wannan ɓawo ya rufe kusan kashi 12 cikin 100 na doron ƙasa ban da teku, wani lissafi na 2022 kuma ya nuna yana rage ƙurar da iska ke kwasa a duniya da wajen kashi 60. Yana ɗinke ƙwayoyin yashi, yana tare ƙura mai taki, sayanobakteriyar da ke ciki kuma suna kamo naitirojin, sinadarin da ke cikin taki, daga iska su sa a ƙasa. A yammacin Nijar, wajen Banizumbu da ke gabas da Yamai, Oumarou Malam Issa da abokan aikinsa sun yi nazarin ɓawon tun shekarun 1990. A can sayanobakteriya ne suka fi rinjaye. Gansakuka ta fi samun gindin zama a inuwa, da inda laima ke daɗewa.

Dole manomi ya bambanta shi da faƙo, domin ba abu ɗaya ba ne. Yayyafa ruwa ka jira mintuna kaɗan: ɓawo mai rai zai yi duhu ya ɗan yi kore, faƙo ba zai sauya ba. Ɓalle ɗan ɓangare ka ɗaga: mai rai za ka ga ƙwayoyin yashi suna lilo a jikin siraran zaruruwa. Faƙo fasa shi ake yi, da ramukan tare ruwa irin su tassa ko rabin wata, don ruwa ya shiga. Mai rai kuwa, a saura ko gefen tudu ko bakin kwari, barinsa ya fi alheri. Yana da rauni ƙwarai a bushe, kofato ko tayar babur na farfasa shi iska ta kwashe, kuma dawowarsa kan ɗauki shekaru. In kana da iko da wurin, ka sa dabbobi da ababen hawa su bi hanya ɗaya, ka zuba ƙaya ko rassa a inda ya fi kauri.

Har gini ma yana karewa. A 2023 an auna sassan babbar ganuwar Sin da aka gina da dandanƙararriyar ƙasa, aka tarar ɓawon ya rufe kashi 67 cikin 100 na wuraren da aka duba, kuma inda ya rufe ya fi ƙarfi da jure zaizaya. Masu kula da abin da ya rage na ganuwar Kano da ta Zariya ya kamata su duba wannan kafin su ba da umarnin a kankare duk wani kore.

Akwai wani aiki kuma da ɗalibin jami'a zai iya ɗauka. Tunda gansakuka daga iska da ruwan sama take samun kusan komai, tana tara dalma da sauran ƙarafan da ke cikin hayaƙi. Masana a Suwidin ne suka fara auna gurɓatar iska da ita a ƙarshen shekarun 1960, an kuma yi irin wannan a Ibadan a shekarun 1980. Tsarin shi ne a ɗebo nau'i ɗaya daga bakin babban titi, da unguwar masana'antu, da ƙauye mai nisa, a lokaci guda, da safar hannu da wuƙar roba, a kai ɗakin gwaji a kwatanta.

Inda ya kamata a kankare

A daɓen bakin rijiya, da matakala, da makewayi, inda tsoho ko yaro zai iya zamewa, a cire ta da burushi mai tauri tun tana jiƙe, a gyara gangaren ruwa ya daina kwanciya. A jikin bangon ɗaki kuwa, ba ita ce ta kawo laima ba, laimar ce ta kawo ta, kuma zaruruwanta ba sa huda lafiyayyen siminti. Bi sawun ruwan zuwa sama: fasasshen indararo, bututun da ke yoyo, ko tsagar da ke kan katanga. In ka gyara wannan, bangon zai bushe. In ka kankare kawai, ƙulalan da suka maƙale a ramukan simintin za su mayar da ita a damina mai zuwa. Abin da ka kankaro kuma ka shanya shi a inuwa, ka zuba a ambulan, ka miƙa wa malamin kimiyya na makarantar unguwarku.